Bindigar Mai Gadin Daji da Ƙwan Kaliyu: Tarihin Wata Gardama a Karkarar Birtaniya

A shekarar 2015 da ta 2016, masu nazarin tsuntsaye a yankin Shropshire, kan iyakar Ingila da Wales, sun bi diddigin sheƙuna fiye da 30 na wani tsuntsu da Turawa ke kira kaliyu. Sun nemi izinin manoma, sun gano wuraren sheƙunan a cikin ciyawa, sannan suka zuba ido. Da kakar hayayyafa ta ƙare a shekarun biyu, ko ɗan tsako ɗaya bai kai ga tashi sama ba. Yawancin ƙwayayen ma ba su kai ga ƙyanƙyasa ba, an cinye su tun suna sheƙa, kuma yanyawa ce kan gaba a jerin masu ɓarnar.

Kaliyu shi ne mafi girma cikin tsuntsayen fadama masu dogayen ƙafafu na nahiyar Turai. Jikinsa ruwan ƙasa ne, bakinsa dogo mai lanƙwasa kamar lauje, kuma kukansa na daga cikin sautukan da mutanen karkarar Birtaniya suka fi so. Abokin zamansa a gonaki shi ne lafwin, ɗan uwan zakaran ƙeƙuwa da muka sani a fadamun ƙasar Hausa, domin dangi ɗaya suka fito. Dukansu a ƙasa suke yin ƙwai. Kaliyu kan ɗan fafe wuri a cikin ciyawa, ta zuba ƙwai huɗu, a yi kwanci na kusan mako huɗu, sannan 'yan tsakin su yi kamar mako biyar suna yawo da ƙafa kafin fukafukansu su ɗauke su. Wata biyu ke nan cur ƙwai da tsako suna kwance a gaban duk abin da ke da haƙori ko farce.

Birtaniya na ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na dukan kaliyun da ke hayayyafa a duniya, amma daga tsakiyar shekarun 1990 zuwa yau adadinsu a ƙasar ya ragu da kusan rabi. A 2015 aka sanya tsuntsun cikin jerin waɗanda suka fi shiga haɗari a ƙasar. A Jamhuriyar Ayaland abin ya fi muni: an yi asarar fiye da kashi 90 cikin ɗari tun daga shekarun 1980, har ma'auratan da suka rage ba su kai 150 ba. Abin da ya ɓoye wannan asara na tsawon lokaci shi ne tsawon ran tsuntsun. Kaliyu na iya rayuwa shekara 20 zuwa 30, kuma yakan koma gonar da ya saba kowace shekara. Manomi yana jin kukan nan duk watan Maris, ya ɗauka lafiya lau, alhali tsofaffin ne ke dawowa ba tare da magada ba. Masana sun ƙiyasta cewa idan ma'aurata za su riƙa fitar da tsako ɗaya cikin kowace shekara biyu, jinsin zai tsaya da ƙafarsa. A wurare da yawa ko wannan ba a samu.

Daga nan gardamar ta taso. Shin ya halatta a harbe yanyawa da hankaka domin kaliyu ya rayu? Masu son tsuntsaye sun rabu, manoma da mafarauta sun ja daga, an je kotu. Mai karatu ba zai fahimci zafin gardamar ba sai ya san cewa yawan yanyawa da hankaka a Birtaniya ta yau aikin hannun mutum ne, wanda aka shafe kusan shekara ɗari biyar ana yi.

Lokacin da coci ke biyan kuɗin kan hankaka

A 1532, zamanin Sarki Henry na Takwas, majalisar Ingila ta yi doka da ta wajabta wa kowace unguwar coci ta tanadi raga don kama hankaki, saboda ɓarnar da suke yi wa hatsi. Zamani ne na ƙaruwar jama'a da tsadar abinci, kuma kowace ƙwayar alkama na da daraja. A 1566, ƙarƙashin Sarauniya Elizabeth ta Farko, aka faɗaɗa dokar, aka yanka wa kowace dabba farashi. Kan hankaki uku kwabo ɗaya, kan bushiya kwabo biyu, kan yanyawa ko dage kwabo 12, wato sule guda. Wakilan coci ne ke karɓar kawunan, su biya, su rubuta a littafin lissafi. Waɗannan littattafai suna nan har yanzu a ɗakunan ajiyar tarihi, kuma daga cikinsu ne marubuci Roger Lovegrove ya tattara tarihin kisan a wani littafi da ya fitar a 2007. Ba a soke dokar ba sai a 1863.

Kafin wannan lokaci, manyan mafarautan daji sun riga sun kau. Kyarkeci ya ƙare a Ingila wajen shekarar 1500, ya ɗan daɗe a Sikotland kafin shi ma ya ɓace. Wannan rashi yana da muhimmanci ga labarinmu, domin a inda kyarkeci yake, yanyawa takan yi taka-tsantsan, yawanta kuma yakan sami iyaka. Tun daga wancan lokaci babu mai tsawata wa yanyawa a tsibirin sai mutum.

Zamanin masu gadin daji

Ƙarni na 19 ya zo da sabon dalilin kisa. Masu manyan filaye da attajiran masana'antu sun mayar da harbin tsuntsaye wasan alfarma. Jirgin ƙasa ya sauƙaƙa zuwa tsaunukan arewa, sabuwar bindiga da ake ɗurawa ta baya ta sa harbi ya yi sauri, kuma darajar fili ta koma yawan makwarwa da kajin daji da baƙi za su iya kakkaɓowa a rana guda. Don haka aka ɗauki ma'aikata na musamman, masu gadin daji, waɗanda aikinsu shi ne kawar da duk wata halitta da za ta taɓa ƙwai ko tsakon tsuntsun farauta. Ƙidayar 1911 ta nuna akwai irin waɗannan ma'aikata kimanin 23,000 a Birtaniya.

Sun yi aikin da tarko, da guba, da bindiga, kuma sun yi shi da ƙwazo. Wani lissafi da aka ajiye daga filin Glengarry a Sikotland, na tsakanin 1837 da 1840, ya ambaci kyanwar daji 198 da shirwa 275, ban da gaggafa da shaho iri-iri. Zuwa farkon ƙarni na 20 jar shirwa ta ƙare a Ingila da Sikotland, saura 'yan ƙalilan a kwazazzaban Wales. Gaggafa mai farin bindi ta yi sheƙarta ta ƙarshe a 1916, aka harbe ta ƙarshe a tsibiran Shetland a 1918. Yanyawa kaɗai ta sami wata irin alfarma a wasu yankuna, saboda masu farautarta da dawakai da karnuka suna buƙatarta. Har shigo da ita aka riƙa yi daga nahiyar Turai ana sayarwa a kasuwar Leadenhall ta Landan.

A wannan zamani ne kaliyu ya bunƙasa. Daga tsaunuka da fadamun arewa ya riƙa gangarowa cikin gonakin kwari, yana ƙara faɗin mazauninsa har zuwa tsakiyar ƙarni na 20. Babu wanda ya yi niyyar taimakonsa. Ya tarar da ƙasa mai ciyawa mai damshi, da noma na sannu a hankali, da maƙiya da aka rage ƙwarai, sai ya ci moriyar abin da aka shirya don wasu. Lafwin kuwa barazanarsa ta lokacin mutum ce: ƙwansa abincin ƙasaita ne a teburin masu kuɗi, ana tsince shi dubu-dubu ana kaiwa kasuwa, har sai da majalisa ta yi doka ta musamman don kare shi a ƙarshen shekarun 1920. Saboda haka yalwar da tsofaffin manoma ke tunawa da ita, suke kuma auna asarar yau da ita, ta samu ne a ƙasar da dubban mutane ke kashe mafarautan daji a kowace rana.

Gonar da ta sauya

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kwashe masu gadin daji zuwa fagen fama, da yawa ba su dawo ba, manyan gidaje kuma suka fara karyewa saboda haraji da tsadar ma'aikata. Yau waɗanda ke wannan sana'a cikakken lokaci 'yan dubbai ne kawai. Ra'ayin jama'a ma ya juya. Dokar kare tsuntsaye ta 1954 ta ba mafi yawan shaho da gaggafa kariya, an haramta tarkon ƙarfe mai haƙora a Ingila da Wales a 1958, dokar 1981 ta ƙara ƙarfafa kariyar, dage kuma ya sami dokarsa ta kansa a 1992. A 1989 aka fara mayar da jar shirwa Ingila da Sikotland. Waɗannan nasarori ne na gaske, kuma babu mai hankalin da ke neman a koma zamanin Glengarry.

Sai dai a daidai lokacin da mafarautan daji ke farfaɗowa, gonar kanta ta zama wata aba dabam. Yunwar Yaƙin Duniya na Biyu ta sa gwamnati ta ƙuduri aniyar ƙasar ta ciyar da kanta. Dokar noma ta 1947 ta tabbatar wa manoma farashi, shigar Birtaniya Kasuwar Tarayyar Turai a 1973 kuma ta ƙara tallafin da ake biya gwargwadon yawan amfani ko yawan dabbobi. Aka janye ruwan fadamu da bututu, aka zuba takin zamani, aka ninka tumaki a kan tudu. Wani bincike ya nuna cewa tsakanin shekarun 1930 da 1984, Ingila da Wales sun rasa kashi 97 cikin ɗari na tsofaffin makiyayan kwari masu furanni.

Sauye-sauye biyu ne suka fi cutar da tsuntsayen nan. Na farko, da can manomi kan bar ciyawa ta tsaya har watan Yuli kafin ya yanke ta ya shanya ingirici, lokacin 'yan tsaki sun riga sun tashi. Yanzu ana yanka ta ɗanya tun watan Mayu, a adana ta a rufe, a sake yanka sau biyu ko uku kafin shekara ta fita, injin kuma ba ya ganin sheƙa. Na biyu, hatsin da a da ake shukawa a watan Maris ko Afrilu an mayar da shukarsa kaka, don haka lokacin da lafwin ya zo neman fili mai gajeren tsiro inda zai hangi maƙiyi daga nesa, sai ya tarar alkama ta rufe ƙasa.

Sannan ga bishiyoyi. Hukumar gandun daji da aka kafa a 1919 ta shuka itatuwan katako a kan tsaunuka masu faɗi, kuma a shekarun 1980 sassaucin haraji ya sa attajirai suka dasa irinsu a kan manyan dausayoyin arewacin Sikotland, har aka soke sassaucin a 1988. Kurmi a gefen fili maɓoya ce ga yanyawa, hasumiya ce ga hankaka. Bincike ya sha nuna cewa tsuntsayen da ke ƙwai a ƙasa sukan ragu a kusa da irin waɗannan shuke-shuke. A ƙarshe ga abinci a yalwace: mushen tumaki, sharar birane, dabbobin da motoci suka take, da tsuntsayen farauta da ake kiwo a saki. An ƙiyasta cewa a 2016 an saki kajin daji da ake kira fezan kimanin miliyan 47, da makwarwa miliyan 10. Masana na ci gaba da muhawara kan irin gudummawar da wannan ke bai wa yawan yanyawa. Abin da wani babban nazari na 2018 ya tabbatar shi ne cewa Birtaniya na cikin ƙasashen Turai da suka fi cunkoson yanyawa da hankaka.

Abin da gwaji ya nuna

Tsawon shekaru kowane ɓangare na magana da abin da idonsa ya gani. Mafarauta na cewa ku dubi filayenmu, cike suke da kaliyu. Masu kare tsuntsaye na cewa ku gyara muhalli, sauran zai biyo baya. Daga 2000 zuwa 2008 wata cibiyar bincike mai alaƙa da mafarauta, wadda yanzu ake kira GWCT, ta gudanar da gwaji a Otterburn cikin lardin Northumberland. An ware filaye huɗu. Ɗaya ana kashe yanyawa da hankaka a cikinsa duk tsawon gwajin, ɗaya ba a taɓa shi, biyu kuma aka musanya su a tsakiya, wanda ake tsarewa aka bari, wanda aka bari aka fara tsarewa. Sakamakon da aka wallafa a 2010 ya nuna cewa inda ake tsaron, nasarar fitar da 'yan tsaki ta ninka sau uku. Yawan kaliyu da lafwin da danginsu ya riƙa ƙaruwa da aƙalla kashi 14 cikin ɗari a shekara, inda babu tsaro kuma yana raguwa da aƙalla kashi 17.

Ƙungiyar RSPB, wadda aka kafa a 1889 don yaƙi da cinikin gashin tsuntsaye, kuma take da mambobi fiye da miliyan ɗaya, ta yi nata gwajin na shekara takwas a kan lafwin a gandaye 11. Sakamakonta na 2007 bai nuna amfani iri ɗaya a ko'ina ba. Inda mafarautan daji suka yi yawa, rage su ya taimaka. Inda ba su da yawa, bai sauya komai ba. Idan aka haɗa gwaje-gwajen biyu, darasin a fili yake. Kisan yana aiki idan ƙwararre ne ke yin sa, a fili mai faɗi, kowace shekara ba fashi, a wurin da ciyawa da damshi suka dace da tsuntsun. Da zarar an daina, yanyawar maƙwabta takan cike gurbin cikin ɗan lokaci. RSPB kanta tana harbe yanyawa da hankaka a wasu gandayenta idan sauran dabaru sun gaza, kuma takan wallafa adadin duk shekara, duk da cewa hakan na ɓata wa wasu mambobinta rai.

Doka da zuciyar jama'a

Sanin abin da ke aiki bai kashe gardamar ba, domin mutane ba da ƙididdiga kaɗai suke hukunci ba. A 1974 wani ya kai 'yan bushiyoyi tsibirin Uist ta Kudu, a yammacin Sikotland, don su cinye masa ƙwarin lambu. Tsibiran ba su san bushiya ba, kuma suna cikin wurare mafi albarkar tsuntsayen fadama a Turai. Bushiyoyin suka yaɗu, suka dinga shan ƙwai, tsuntsaye suka ragu. Da hukuma ta fara kashe su a 2003, sai jama'a suka yi caa, domin bushiya abar so ce ga Bature. A 2007 aka daina kisan, aka koma kama su da rai ana tsallakar da su babban yanki.

A farkon 2019 wata ƙungiya mai suna Wild Justice, wadda mai gabatar da shirye-shiryen talabijin Chris Packham ke cikin waɗanda suka kafa ta, ta ƙalubalanci izinin bai-ɗaya da ke ba kowa damar harbin hankaka da wasu tsuntsaye a Ingila. Hukumar kula da muhalli ta janye izinin ranar 25 ga Afrilu, daidai lokacin da kaliyu da lafwin ke kwanci. Manoma da masu gadin daji suka fusata, sai da aka fitar da sabon izini mai ƙarin sharuɗɗa. Wales ta haramta tarkon zarge a 2023, Sikotland ta bi sahu a 2024. Masu goyon bayan haramcin na magana kan azabar da dabba ke sha a waya. Masu adawa na cewa an ƙwace musu makami a lokacin da ciyawa ta yi tsawo, bindiga ba ta ganin yanyawa. Akwai kuma tsohon rashin yarda: har yanzu ana samun shaho da gaggafa da aka kashe ba bisa doka ba a kusa da wasu filayen farauta, don haka idan mai gadin daji ya ce don kaliyu yake yi, ba kowa ke gaskata shi ba.

Masu neman tsaka-tsaki sun ɓullo da wasu dabaru. Ana kewaye sheƙa da shingen lantarki, wanda ke hana yanyawa da dage kaiwa ga ƙwai, amma 'yan tsaki na ƙyanƙyashewa sai su fice daga shingen. Ana biyan manomi ya jinkirta yankan ciyawa. Ana kwashe ƙwai daga filayen jiragen sojan sama a gabashin Ingila, inda a da ake lalata su don kare jirage, a ƙyanƙyashe su a inji, a yi renon 'yan tsakin har su yi fiffike, sannan a sake su a wurare irin su Sandringham. Duk waɗannan na cin kuɗi da ma'aikata, kuma tsuntsun da aka rena a keji, idan ya girma, cikin gonar nan dai zai koma ya yi ƙwai.

Wa zai biya, har yaushe?

Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Gyaran asali, wato mayar da damshi cikin makiyaya, sauya lokacin yankan ciyawa, daina dasa kurmi a inda tsuntsayen ke ƙwai, da rage abincin da ke ciyar da yanyawa, aiki ne na shekaru masu yawa. Tsofaffin kaliyun da ke dawowa gonakin Shropshire ba su da waɗannan shekaru. Shi ya sa yawancin masana a yau, har da waɗanda ba sa son kisa, suka yarda cewa a wasu wurare dole a rage yanyawa da hankaka kafin gyaran ya nuna. Haɗarin shi ne a tsaya a nan, saboda harbi ya fi sauya tsarin noma arha da sauƙi, a wayi gari ana biyan mutum ya kwana da bindiga kowace shekara har abada a gefen gonar da ke ci gaba da haifar da matsalar.

Tun daga littafin lissafin coci na 1566 zuwa izinin da aka janye a 2019, kowane zamani ya zaɓi dabbar da zai kira maɓarnaciya gwargwadon abin da yake son karewa: hatsi, sannan tsuntsun farauta, yanzu kuma tsuntsun da ke dab da ƙarewa. Yanyawa ba ta sauya hali ba a tsawon wannan lokaci. Ƙasar da take farauta a cikinta ce aka sauya mata sau uku.

Marubuciya Mary Colwell, wadda ta yi tattakin mil 500 daga yammacin Ayaland zuwa gabar gabashin Ingila a 2016 don jawo hankali kan halin da tsuntsun ke ciki, ita ce ta assasa ware 21 ga Afrilu a matsayin ranar kaliyu ta duniya. Masu bikin ranar suna da dalilin gaggawa. A da kaliyu yana da wani ɗan uwa mai siririn baki, wanda yake hayayyafa a Saberiya yana cin rani a gaɓar Bahar Rum. Ganin ƙarshe da aka tabbatar an yi masa shi ne a wata fadama ta Maroko a watan Fabrairun 1995, kuma a 2024 masana suka wallafa cewa ya ƙare daga doron ƙasa.